Dausayin Haɗeja-Nguru: Masaukin Tsuntsaye Masu Ƙaura

Mazauna cikin birnin Kano sun daɗe da sanin shamuwa, wadda ke sauka kan manyan bishiyoyi gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, sannan ta nufi kudancin Afirka idan kaka ta yi. A daidai lokacin da take tafiya ne wasu baƙin ke isowa ƙasar Hausa daga Turai da yammacin Asiya, bayan sun ƙetare hamadar Sahara don guje wa tsananin sanyi. Babban masaukinsu shi ne dausayin Haɗeja-Nguru da ke arewa maso gabashin Kano, a tsakanin jihohin Jigawa da Yobe.

Dausayin ya samu ne daga ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke malala cikin fadamu kafin su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Daga Oktoba zuwa Maris dubban agwagin ruwa na Turai kan cakuɗu da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Masu sha'awar kallon tsuntsaye kan ziyarci Baturiya a Jigawa ko Dagona a Yobe, kuma an fi ganin tsuntsayen da sassafe ko da la'asar, musamman a Disamba da Janairu.

A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Shi ne na farko a Nijeriya. Baturiya da Dagona sun bi sahu a 2008.

Sai dai makomar dausayin tana rataye da ruwan Kano, domin kogin Kano da na Challawa su ne tushen kogin Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Wannan ruwa da tsuntsaye ke bi shi ne abin dogaron masunta da makiyaya da manoman shinkafa, waɗanda kifinsu da hatsinsu ke ƙarewa a kasuwannin Kano.