Kala-azar da Tarihin Allurarsa a Ƙasar Gadarif

A shekarar 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, sauran masu hijira kuma suka ci gaba da nausawa gabas har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A wannan shekarar ce kuma wasu likitoci biyu na mulkin Ingila, William Leishman da Charles Donovan, suka bayyana wata ƙwayar cuta da kowannensu ya gani a saifar majinyatan da suka kamu a Indiya. Kakanninmu ba su ji labarin waɗannan likitoci ba, amma ƙasar da zuriyarsu da ta alhazan ƙafa suka zauna daga baya, tsakanin kogin Rahad da na Atbara, tana cikin manyan matattarar wannan ƙwaya a duniya. Ciwon da take haddasawa shi ne kala-azar, sunan da ya zo daga Indiya, ma'anarsa baƙin ciwo.

Abin da ya jawo mu Gadarif shi ne ya haɗa mu da ciwon. Baƙar lakar da ke ba mu dawa da riɗi tana tsattsagewa da rani, ga kuma dazukan talha da aduwa. A nan wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba yake fakewa da rana, ya fito cizo da dare, musamman daga Maris zuwa Yuni. Ciwon ba ya bayyana sai bayan watanni, galibi da kaka: zazzaɓin da ya ƙi sauka, rama, ƙarancin jini da kumburin saifa. In ba a yi magani ba, kusan duk wanda ya kwanta ba ya tashi. An fara tabbatar da shi a Sudan tun 1904, kuma tsakanin 1984 da 1994 ya kashe kimanin mutum 100,000 a yammacin Nilu ta Sama.

A tsakiyar ƙarnin da ya gabata duniya ta shiga zamanin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka samo sitiraftomaisin daga wata halittar cikin ƙasa a 1943, wanda ya zama maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Waɗannan magunguna dangi-dangi ne, kuma kowane dangi da hanyar kisansa. Dangin fenisilin, har da amokzisilin da muka saba saye, suna rushe katangar da ke kewaye da bakteriya. Dangin sitiraftomaisin da jentamaisin suna hana ƙwayar haɗa furotin da take rayuwa da shi. Dangin sifurofulokzasin suna hana ta hayayyafa. Ƙwayar kala-azar kuwa ba bakteriya ba ce, ba ta da irin wannan katanga, tana kuma ɓuya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki a saifa da hanta da ɓargo. Shi ya sa kafson kanti ba ya taɓa ta, haka ma maganin zazzaɓin cizon sauro. Kowane allazi da nasa amanu.

Shekaru da dama babban makamin da ake da shi shi ne allurar Pentostam, wadda aka haɗa daga wani sinadarin ma'adini, aka kuma fara amfani da ita a Sudan tun shekarun 1940. Allura ce mai zafi, kullum ɗaya har kwana 30, tana kuma iya taɓa zuciya. Wata guda a asibiti a tsakiyar girbi ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi. Uwa ta bar gida ta zauna jinya, uba ya bar riɗi yana zuba a gona, wasu kuma su ɗauke ɗansu da zarar zazzaɓi ya lafa, ciwon ya dawo.

Sauƙi ya zo daga dangin sitiraftomaisin, ta wani magani mai suna faromomaisin da aka gano a shekarun 1950. Shi yana iya cin ƙwayar kala-azar, kuma Indiya ta yi masa rajista a 2006 bayan ya warkar da mafi yawan waɗanda aka gwada a kansu. A 2003 masana daga Sudan, Habasha, Kenya da Yuganda sun kafa wata haɗakar bincike a Khartum tare da ƙungiyar DNDi, aka shiga gwada shi a nan gida, a Kassab da Ummul Khair. Sakamakon ya ba da mamaki: ma'aunin da ya yi aiki a Indiya, da aka ba da shi shi kaɗai, bai warkar da ko rabin majinyatan waɗannan wurare biyu ba. Da aka haɗa shi da Pentostam, sai aka samu waraka ga kusan tara cikin goma a kwana 17 kacal. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan haɗi a matsayin maganin farko a Gabashin Afirka. Daga baya an gwada faromomaisin tare da ƙwayar sha mai suna miltefosin, a cibiyar Doka mai ɗauke da sunan Farfesa Ahmad Muhammad al-Hassan da wasu wurare, aka bayyana a 2022 cewa kwana 14 sun wadatar.

Ke nan majinyatan jiharmu da iyalansu suna da hannu a ilimin da ake ceton rai da shi yau daga Gondar har Amudat. Haƙƙin wannan tarihi a kanmu shi ne mu yi aiki da shi. Zazzaɓin da ya kai mako biyu bai ji maganin cizon sauro ba, gwajin kala-azar yake buƙata, kuma ɗigon jini daga yatsa kan isa a fara ganewa. Allurar da aka fara a cika kwanakinta. Faromomaisin kansa yana iya taɓa ji da ƙoda, don haka ba abin saye a kasuwa ba ne. Masu juna biyu da waɗanda ciwon ya galabaitar suna da nasu maganin, AmBisome, da ake sawa ta jijiya a asibiti. Ƙurajen da kan fito a fuska bayan waraka su ma a kai su a duba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, baƙi da yawa sun sauka a garuruwanmu, kuma cikinsu akwai waɗanda jikinsu bai taɓa haɗuwa da wannan ƙwaya ba, ba su ma san alamunta ba. Mu da muka san ta, wajibi ne mu faɗa musu, mu raba gidan sauro da su, mu nuna musu hanyar asibiti da wuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.