Daga Fatoman Zango Zuwa Dillalin Gidaje: Tarihin Amanar Sayarwa a Jugu da Paraku

Gabatarwa

Duk mutumin da ya ƙudura niyyar sayar da gidansa yakan fuskanci tambaya guda tun kafin a kai ga maganar kuɗi, wato hannun wa zai damƙa cinikin. Galibi sau ɗaya mutum yake yin irin wannan ciniki a rayuwarsa, alhali dillalin da zai tsaya masa yana yin irinsa kowane wata. Idan zaɓen ya ɓaci, abin da aka tara shekara da shekaru, ko gadon marayu, yana iya salwanta cikin yini guda. Wannan maƙala za ta bibiyi yadda fataken Hausawa suka warware irin wannan matsala a garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Jugu da Paraku, waɗanda ake rubutawa Djougou da Parakou da Faransanci. Daga nan za ta duba abin da ya saura na tsarin nasu bayan gida da fili sun zama hajar kasuwa.

Kalmomin Sana'ar

Kalmar dillali aro ce daga Larabci, inda "dallal" ke nufin mai nuni, wato wanda yake nuna wa mai saye kaya, ya nuna wa mai kaya masayi. Ladan da yake karɓa shi ne la'ada, ita ma daga Larabci, daga "al-ada", abin da aka saba. Asalin kalmar ya nuna cewa ladan dillali abu ne sananne wanda kasuwa ta yanke, ba shi ne yake yanka wa kansa ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun halatta wannan lada a ƙarƙashin babin ijara da na ji'ala, bisa sharaɗin a san adadinsa tun farko.

Akwai kuma fatoma, kalmar da ta fito daga harshen Barebari, inda "fato" ke nufin gida, "ma" kuma ke nufin mai abu. Fatoma ke nan mai gida, kuma da wannan suna na biyu aka fi saninsa a zanguna da yawa. Shi ne mai saukar da baƙin fatake, ya adana kayansu, ya nemo masu ciniki. Abin da ya fifita shi a kan dillali shi ne lamuni, wato ɗaukar nauyin biyan bashi idan mai saye ya gaza.

Hanyar Gwanja

Goron da ake ci a ƙasar Hausa a wancan zamani yana fitowa ne daga dazuzzukan Asante, a ƙasar Gana ta yau, a kai shi kasuwannin Gwanja, waɗanda Salga ta zama babbarsu a ƙarni na 19. Hulɗar ta daɗe, domin Tarihin Kano ya ambaci fara zuwan fataken Gwanja Katsina a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452–1463). A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na fataucin goro wanda ya fito a 1980.

Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki a cikin manyan tafiya. Su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Illo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Paraku, su sauka Jugu, wadda fatake ke kira Zugu, sannan su nufi Salga ta Sansanin Mango ko Yandi. Suna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da busasshiyar albasa, suna kore da dabbobi, a wasu ayarorin har da bayi. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, da dabbobin dako kwatankwacin haka. Tafiyar takan ci watanni, ga kuɗin fito da ake biyan sarakuna, ga kuma 'yan fashi a dazuzzukan Bargu.

Unguwar Baƙi da Shugabanta

Jugu da Paraku, waɗanda ke da tazarar kimanin kilomita 130, suna da fasali iri ɗaya. Akwai ɓangaren sarauta na masu ƙasa, akwai kuma unguwar Musulmi 'yan kasuwa. A Jugu fadar sarki tana Kilir, unguwar fatake kuma ita ce Wangara, sunan da ya samo asali daga Wangarawa, tsofaffin fataken ƙasar Mali. A Paraku sarautar gari tana hannun Akpaki, daga cikin sarakunan Bargu. A unguwannin fatake an haɗu da Wangarawa da Dandawa da Hausawa da Barebari da Yarabawa, harshen Dandi kuma ya zama harshen kasuwa, kamar yadda yake har yau a garuruwan biyu.

Shugaban wannan al'umma yana riƙe da sarautar Baparape. Shi ne tsani tsakanin baƙi da fada: ta hannunsa madugu yake isar da gaisuwa ga sarki, a gabansa kuma ake kai ƙarar ciniki, tare da liman da malaman unguwa. Denise Brégand ta yi cikakken nazari a kan waɗannan al'ummomi a littafinta na Wangarawan Bargu na 1998. Muhimmin abin lura a nan shi ne, mai saukar da baƙi ba shi kaɗai yake cin gashin kansa ba. Akwai na gaba da shi wanda zai iya kiransa ya amsa.

Yadda Falke Yake Zaɓen Mai Gida

Falken da ya iso Jugu bayan doguwar tafiya yana cikin rauni ta fuskoki da dama. Ba ya jin Dandi sosai, bai san farashin ranar ba, bai san wane ne mai biyan bashi da wane ne mai taurin bashi ba, kuma ba zai iya dogon jira ba domin ayari zai tashi. A hanyar dawowa kuwa goro ne a hannunsa, kayan da ke bukatar a riƙa kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa duk tsawon hanyar fatake suka dogara ga masu gida.

Aikin mai gida yana da faɗi. Yakan ba da masauki da abinci, ya ajiye kaya, ya yi tafinta, ya sa yaransa dillalai su zaga da samfurin haja. Idan mai saye ya taya, a kai wa mai kaya labari. In bai yarda ba ya ce albarka, in ya yarda ya sallama a gaban shaidu. Sai ciniki ya faɗa ake fitar da la'ada.

Bayanin da ya fi fito da ƙashin bayan wannan tsari ya zo ne daga wasu zanguna biyu da masana suka nazarta a ƙarni na 20. Polly Hill ta rubuta a kan masu gida da dillalan kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya wallafa nazarinsa a kan unguwar Sabo ta Ibadan a 1969. Cohen ya nuna cewa a Ibadan bashi ake ba mahauta shanu, mai gida ne kuma yake tsaya wa baƙonsa lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, nauyin yana wuyan mai gida. Saboda haka dole ne ya san halin kowane masayi, domin asarar baƙo asararsa ce.

Daga nan za a fahimci abubuwan da falke yake dubawa. Na farko, mai gida yana da gida, wato wurin da za a same shi baɗi da baɗin baɗaɗa. Na biyu, yana da suna da zai ɓaci, domin labarin cin amana yana bin ayari daga zango zuwa zango har Kano, kuma madugun da aka cuta ba zai sake sauke mutanensa a ƙofar ba. Na uku, yana da dukiyar da zai cika lamuni da ita. Na huɗu, yana ƙarƙashin shugaban da ake kai ƙara gare shi. Sau da yawa ma falke gadon mai gida yake yi: inda ubansa ya sauka, nan shi ma zai sauka. Amana a wannan tsari tana tsaye ne a kan abin da mutum zai rasa idan ya ci ta.

Mutuwar Hanya

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kashe hanyar Gwanja. Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, abin da ya sassauta riƙon da Asante ke yi wa Salga. Yaƙin basasa ya tarwatsa Salga a 1892, fatake suka watsu zuwa Karaci da wasu garuruwa. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki domin ƙulla yarjejeniya da sarkinta, sannan yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 1898 ta raba Bargu gida biyu, Jugu da Paraku suka faɗa Dahome ta Faransa. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kano bayan layin dogo ya isa birnin a 1911. Alhassan Ɗantata, Ba'agale, yana cikin waɗanda suka rungumi sabuwar hanyar ta teku.

Garuruwan biyu ba su mutu ba. Jugu ta ci gaba da zama mahaɗar hanyoyi zuwa Togo da arewa. Paraku kuwa ta zama ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kwatano a shekarun 1930, inda a da ake sauke kayan Nijar a ɗora wa manyan motoci. Har yau akwai unguwar Zongo a garin, babbar kasuwarsa kuma sunanta Arzeke, sunan da kunnen Bahaushe zai ji arziki a cikinsa.

Lokacin da Gida Ya Zama Haja

A zamanin ayari fili ba abin taye ba ne. Baƙon da yake son zama yakan roƙi wuri ta hannun mai gidansa da shugaban unguwa, masu ƙasa su ba shi, ya gina, 'ya'yansa su gada. Mulkin mallaka ne ya kawo rajistar filaye, ta dokokin Faransa na 1906 da 1932 da suka shafi ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Dahome ta yi dokar izinin zama a fili a 1960, da ta takardar mallaka a 1965. Amma mafi yawan mutane sun ci gaba da ciniki da 'yar takardar yarjejeniya wadda mai unguwa ko hukumar gari ta sa wa hannu. Yayin da birane suka bunƙasa, sai matsalar sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, da sayar da gidan gado ba da yardar sauran magada ba, suka cika kotuna.

Don magance haka Benin ta kafa sabon kundin dokar filaye a ranar 14 ga Agusta 2013, aka yi masa gyara a 2017. Kundin ya samar da hukumar filaye ta ƙasa, ANDF, ya kuma nufi cewa a tabbatar da mallaka kafin sayarwa, ciniki kuma ya bi ta hannun jami'in tabbatar da yarjejeniya, wanda ake kira notaire da Faransanci. A 2022 aka kafa kotu ta musamman kan rigingimun filaye a Kwatano.

A cikin wannan sabuwar kasuwa dillalin gidaje ya bayyana. Wasu suna da ofis da rajista, amma da yawa su ne waɗanda ake kira démarcheur, masu yawo da babur da wayar hannu da allon talla a bakin titi. Idan aka gwada da zamanin da, al'amarin ya juye. A da kaya da mai kaya ne ke tafiya, mai gida yana zaune wuri ɗaya. Yanzu gida da mai shi ne a zaune, dillali kuma yana iya canza lambar waya ya bar gari cikin dare.

Abin da Mai Sayar da Gida Zai Ɗauka

Ma'aunan falke huɗu suna nan da amfaninsu, sai dai yanzu mai gida ne zai nema da kansa, domin ba wanda zai tanadar masa. Ya nemi dillali mai mazauni sananne. Ya tambayi waɗanda dillalin ya taɓa sayar wa gida a unguwar, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya san ƙungiya ko hukumar da dillalin yake amsa kiranta. Ya yanke la'ada tun farko a rubuce, tare da wa'adin aikin da mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama.

Akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. La'ada tana sa dillali ya so farashi ya tashi, ko da yake yakan fi son ciniki ya faɗa da wuri. Mummunar hanya ita ce a ce masa "kawo mini kaza, abin da ya hau naka ne", domin daga ranar amfaninsa ya koma ga ɓoye wa mai gida ainihin tayin. Don haka ya kamata mai sayarwa da mai saye su ga juna, a faɗi kuɗin a gaban shaidu, kamar yadda ake sallamawa a zauren fatoma. Dillalin yau ba ya ɗaukar lamuni, saboda haka bai kamata kuɗin gida ko asalin takardunsa su kwana a hannunsa ba. Wannan aiki ya koma ga banki da jami'in tabbatar da yarjejeniya. Shi ma mai gida akwai nasa nauyin: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shari'a ta wajabta masa bayyana aibin abin da yake sayarwa, da samun yardar magada idan gidan na gado ne.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa fataken da suka bi ta Jugu da Paraku sun damƙa dukiyarsu ga mutanen da ba danginsu ba, a garin da ba nasu ba, tsarin kuma ya ɗore ƙarnuka. Ya ɗore ne domin mai gida yana da mazauni da suna da dukiya da shugaba, kuma kowannensu yana cikin haɗari ranar da ya cuci baƙo. Ayari ya wuce, takarda ta maye gurbin shaidar baki, amma wanda zai sayar da gida a Wangara ko Zongo a yau yana bukatar ya san amsar da falke yake nema kafin ya sauke kayansa: idan ciniki ya ɓaci, ina za a sami wannan mutum, kuma wa zai kira shi ya amsa?