Yadda likitocin Asiya suka gyara mudun auna ramar mai ciwon daji

Makiyayi ya sani, in saniya na kiwo amma tozonta na zubewa, to akwai abin da ke cinta a ciki. Likitoci sun daɗe da ganin irin wannan ga mai ciwon daji da ya yi nisa: tsoka na narkewa ko da yana cin abinci.

A 1932 wani likitan Amurka, Shields Warren, ya binciki gawarwakin mutum 500 da ciwon ya kashe, ya tarar rama ce ajalin sama da ɗaya cikin biyar. A 1980 kuma bincike kan majinyata fiye da 3,000 ya nuna waɗanda suka rame kafin a fara musu magani ba su kai sauran daɗewa ba. A 2011 ƙwararru suka sa iyaka: wanda ya zubar da sama da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata 6, ya shiga haɗari.

To amma ɗan kasuwa ya san mudun wannan kasuwa ba lalle ya zama na waccan ba. Ma'aunin da ke gwada nauyi da tsawo, Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam ne ya fito da shi wajen 1830, kuma jikin Turawa ya auna. Mutanen Asiya galibi ƙananan jiki gare su. Shi ya sa a Japan ake kiran mutum mai ƙiba daga maki 25, alhali a Turai sai ya kai 30.

A 2023 likitocin Asiya suka fitar da nasu mudun na rama: sama da kashi 2 cikin wata 3 zuwa 6, haɗe da rashin cin abinci, ko raunin damƙar hannu, ko alamar kumburi a jini. Ga mai kilo 50, abin da ya ɗan haura kilo ɗaya ke nan. Manufar ita ce a gano ramar da wuri.

A Japan ɗin ne aka gano sinadarin ghrelin mai tayar da yunwa a 1999, a 2021 kuma ƙasar ta amince da maganin anamorelin mai kwaikwayonsa. Yana buɗe ciki, yana ƙara nauyi, amma ba ya warkar da ciwon.

Don haka in naka na ramewa ba dalili, kada a ce wahalar hanya ce, a kai shi asibiti. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.