Daga Aikin Tilas Zuwa Kotun Ƙwadago: Tarihin Haƙƙin Ma'aikaci a Ƙasar Cadi

1.0 Gabatarwa

Lamadji unguwa ce da ke gefen arewa na birnin Njamena, babban birnin ƙasar Cadi, an kuma fi saninta da babbar maƙabartar Musulmi da ke cikinta. Kamar sauran unguwannin da birnin ya bunƙasa ya haɗiye, mazaunanta da yawa da ƙarfinsu suke ci: magina da leburori da direbobi da masu gadi da 'yan aikatau. Idan aka hana ɗaya daga cikinsu ladansa, ko aka sallame shi babu dalili, doka ta tanadar masa ƙofofi uku: ofishin sufeton ƙwadago, da kotun ƙwadago, da ƙungiyar ma'aikata. Wannan takarda za ta bi tarihin waɗannan ƙofofi, ta nuna yadda aka same su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta duba ko su wane ne ke iya shiga ta cikinsu.

2.0 Zamanin Aikin Tilas

Faransawa sun kafa garin Fort-Lamy a shekarar 1900, bayan yaƙin Kusuri wanda aka kashe Rabeh a cikinsa. Wannan gari ne aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Mulkin da suka shimfiɗa bai san ɗan ƙasa a matsayin ma'aikaci mai haƙƙi ba. Akwai dokar talakawan mulkin mallaka da ake kira indigénat, wadda ta ba kwamandan yanki ikon cin tara ko ɗaure mutum na wasu kwanaki ba tare da an je gaban alƙali ba. Haka kuma an ɗora wa kowane baligi aikin gwamnati na wasu kwanaki a shekara kyauta, kamar gyaran hanya da ɗaukar kaya.

Mafi munin wannan tsari shi ne aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Birazabil zuwa Pointe-Noire a ƙasar Kwango, mai tsawon kilomita 500 da 'yan kai, wanda aka yi daga 1921 zuwa 1934. Da mutanen yankin suka kasa isa, sai aka juya ga ƙabilar Sara ta kudancin Cadi. Sarakuna ke kamo samari gwargwadon adadin da kwamanda ya yanka musu, a tasa su a ƙasa, sannan a loda su a jiragen ruwa su bi kogin Ubangi da na Kwango. Yunwa da cuta da baƙon yanayi suka yi ta kashe su. An ɗebi mutum fiye da 120,000 daga yankunan Faransa na tsakiyar Afirka, ƙiyasin waɗanda suka mutu kuwa ya kama daga 17,000 zuwa sama da 20,000. Marubucin nan André Gide, wanda ya zagaya Kwango da Cadi a 1925 da 1926, da ɗan jarida Albert Londres, sun bayyana wa mutanen Faransa irin wannan ta'asa, amma ba a dakatar da aikin ba.

Daga 1928 kuma aka tilasta noman auduga a kudancin ƙasar. Da igiya ake auna wa kowane mai biyan haraji gonar da zai noma, kamfanin Cotonfran kaɗai ke da ikon saye, a farashin da manomi ba shi da ta cewa a kai. Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana irin wannan: tsakanin 1942 da 1944 Turawan Ingila sun ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka riƙa kira diban gwamna. A duk waɗannan wurare wanda aka zalunta ba shi da wurin kai ƙara, domin mai zaluncin shi ne alƙali. Gudu ne kawai mafita, shi ya sa mutane da yawa suka tsallaka iyaka.

3.0 Shekarun Sauyi: 1944 Zuwa 1952

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsaga bangon. A watan Agusta na 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, Cadi ta zama sansanin Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, 'ya'yanta kuma suka yi yaƙi a hamadar Libiya. Taron Birazabil na farkon 1944 ya ba da shawarar a kawar da aikin tilas cikin shekara biyar, a watan Agustan shekarar kuma aka fitar da dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasashen da Faransa ke mallaka. A watan Afrilu na 1946, majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta haramta aikin tilas, wadda ake kira da sunan wanda ya gabatar da ita, Félix Houphouët-Boigny na ƙasar Kwaddebuwa. A wannan shekara ce kuma aka soke indigénat.

Haramta aikin tilas bai faɗi yadda za a biya mai aikin son rai ba, ko sa'o'in da zai yi, ko inda zai kai kuka. Ma'aikata ne da kansu suka matsa aka cike wannan giɓi. A Nijeriya an yi yajin aikin gama-gari na 1945 wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa. A Afirka ta Yamma ta Faransa ma'aikatan jirgin ƙasa sun ajiye aiki daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, suna neman a daidaita su da Turawan da ke aiki iri ɗaya da nasu. Ranar 3 ga Nuwamba, 1952, ƙungiyoyin yankin suka sake yin yajin kwana ɗaya domin majalisar Faransa ta daina jan ƙafa. Ranar 15 ga Disamba, 1952, aka sa hannu a kan dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare, wadda ta haɗa da Cadi da Nijar.

Wannan doka ita ce tushen kusan duk abin da ya biyo baya. Ta ƙayyade aikin sa'a 40 a mako, ta tanadi hutun shekara da albashi, da mafi ƙarancin lada, da ƙa'idar biyan albashi ɗaya ga aiki ɗaya idan ƙwarewa ta zo daidai. Ta ƙarfafa ofishin sufeton ƙwadago, ta kuma kafa kotunan ƙwadago inda alƙali ke zama tare da wakilan ma'aikata da na masu ɗaukar aiki, ba a kuma biyan kuɗin shigar da ƙara. Sai dai dokar ta tsaya ga mai karɓar albashi. Manomin auduga yana waje. A watan Afrilu na wannan shekara ta 1952 sojoji suka buɗe wuta a kan manoma a garin Bébalem da ke yankin Logone, bayan rikicin zaɓe da ya haɗu da fushin auduga da na sarakuna, aka kashe mutane da dama.

4.0 Bayan Samun 'Yanci

Cadi ta sami 'yancin kai ranar 11 ga Agusta, 1960, ta kuma shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a wannan shekara, ta amince da yarjejeniyoyinta a kan haramta aikin tilas da 'yancin kafa ƙungiya. Shugaban farko, François Tombalbaye, malamin makaranta ne da ya taso ta hanyar ƙungiyar ƙwadago da jam'iyyar PPT ta Gabriel Lisette. Duk da haka, da ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1962, sai ƙungiyoyin ma'aikata suka koma ƙarƙashin inuwar gwamnati. An yi sabuwar dokar ƙwadago a 1966, wadda ta ɗauko mafi yawan tanade-tanaden ta 1952. Bayan haka yaƙin basasa ya zo, faɗan da aka yi a cikin Njamena a 1979 da 1980 ya watsa ma'aikata da ofisoshi, mutane da yawa suka haye kogi zuwa Kusuri. A zamanin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, an daɗe ana biyan ma'aikatan gwamnati rabin albashi, kuma tsoron 'yan sandan ciki ya hana kowa ɗaga murya.

Bayan faɗuwar Habré a watan Disamba na 1990 ne ƙungiyoyi masu cin gashin kansu suka bayyana. Mafi girma a cikinsu ita ce haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Cadi, wato UST, wadda ta yi ta kiran yaji a farkon shekarun 1990 saboda bashin albashi. Ranar 11 ga Disamba, 1996, aka fitar da doka mai lamba 038, wato sabuwar dokar ƙwadago.

5.0 Hanyoyin Neman Haƙƙi a Dokar 1996

Dokar 1996 ta sa aikin mako ya zama sa'a 39 a mafi yawan sana'o'i, abin da ya ɗara haka kuma a biya shi da ƙari. Ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya kasance da dalili mai ƙarfi kafin ya sallami ma'aikaci, ya saurari ta bakinsa, ya kuma ba shi notis. Idan kotu ta ga sallamar ba ta bisa ƙa'ida, tana iya yanke diyya. Wakilan da ma'aikata suka zaɓa a wurin aiki kuwa ba a korar su sai da izinin sufeton ƙwadago. A 2011 an mayar da mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 a wata, wato jaka 60. Akwai kuma asusun CNPS, wanda ke kula da fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin da aka samu a bakin aiki, ga wanda maigidansa ya yi masa rajista.

Matakan ƙara a jere suke. Ma'aikaci zai fara kai kokensa gaban sufeto, shi kuma ya kira ɓangarorin biyu domin sulhu. Idan an daidaita a rubuta, idan an kasa a ba shi takardar shaidar rashin sulhu, da ita zai wuce kotun ƙwadago. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli. Ma'aikatan gwamnati suna da tasu dokar daban, makamin da suka fi dogara da shi kuwa shi ne yajin aiki.

A kan yajin aikin ne aka fi kai ruwa rana. Bayan an fara fitar da man fetur na Doba a 2003, ma'aikata suka nemi a ga alamarsa a albashinsu, aka yi dogon yaji a 2007, gwamnati kuma ta yi dokar da ta taƙaita yaji a ma'aikatun da ake ganin ba a iya rufe su. A watan Satumba na 2012 kotu ta yanke wa shugabannin UST uku, Michel Barka da François Djondang da Younous Mahadjir, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 18 saboda wata takardar koke da suka rubuta a kan tafiyar da dukiyar ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Da farashin mai ya faɗi, gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16 a 2016, ta zaftare alawus, makarantu da asibitoci suka yi watanni ba aiki. A ƙarshen shekarar aka yi dokar da ta ce gwamnati ba za ta biya albashin kwanakin yaji ba. An sake wani babban yajin a farkon 2018.

6.0 Waɗanda Doka Ba Ta Isa Gare Su Ba

Duk matakan da aka zayyana suna tafiya ne da hujja: takardar ɗaukar aiki, ko ta biyan albashi, ko lambar asusun fansho. Mafi yawan masu aiki a Cadi ba su da ko ɗaya. Leburan gini a Lamadji da baki ake ɗaukarsa, da yamma a biya shi, kuma sau da yawa bai san Faransanci ba, harshen da aka fi rubuta takardun kotu da shi. Dokar ta yarda da yarjejeniyar baka, amma tabbatar da ita a gaban alƙali sai da shaidu, shari'a kuma na cin lokacin da mai neman abincin yau ba shi da shi. Saboda haka irin waɗannan ma'aikata, har da Hausawan birnin masu sana'ar hannu da yaran shago, sun fi kai kuka wurin mai unguwa ko liman ko shugaban sana'a. Wannan sulhu yana da sauri, yana kuma jingina da horon addini na gaggauta biyan lada, sai dai ba shi da ikon tilasta wa mai kuɗin da ya ƙi ji.

Akwai kuma matasan da ke zuwa daga kudu su yi aikatau a gidajen unguwannin arewacin birnin, waɗanda mutanen Njamena ke yi wa laƙabi da ma'aikatan titin mita 40, saboda titin da suke bi da ƙafa safe da yamma. Da yawansu ladansu bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Daga yankunan da aka ɗebi kakanninsu zuwa aikin jirgin Kwango suke fitowa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa haƙƙin ma'aikaci a Cadi ya samu ne mataki-mataki: haramta aikin tilas a 1946, sufeto da kotu a 1952, ƙungiya mai 'yanci bayan 1990, da ƙa'idojin sallama a 1996. Kowane mataki ya biyo bayan matsin lamba ne daga ma'aikatan da suka haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An kuma ga cewa iyakar da dokar 1952 ta shata tsakanin mai albashi da sauran masu wahala ba ta goge ba. A wancan lokaci manomin auduga ne a waje, a yau leburan gini ne da 'yar aikatau. Aikin da ya rage wa ƙungiyoyin ƙwadago da hukuma shi ne shigar da waɗannan cikin rajista, da kai musu bayanin doka da harsunan da suke ji, kamar Larabcin Cadi da Sara da Hausa.