Yadda Jamhuriyar Benin ke kai tarihinta da fasaharta ƙasashen waje

Tun hawan gwamnatin Patrice Talon a 2016, Jamhuriyar Benin ta ɗauki al'adu da tarihi a matsayin hajar da za ta baje wa duniya, domin jawo masu yawon buɗe ido da kuma ɗaga sunan ƙasar. Faransawa na kiran irin wannan aiki diflomasiyyar al'adu. Ƙasashe da yawa sun riga ta: Faransa na da Institut français, Jamus na da Goethe-Institut, ita ma Romaniya ta kafa cibiyar al'adunta a 2003, mai rassa a birane irin su Paris da Landan da New York, inda take nuna finafinanta da ayyukan masu zanenta. Benin ba ta da rassa irin waɗannan. Da baje koli mai yawo daga ƙasa zuwa ƙasa take aiki, sai kuma manyan bukukuwan fasaha na duniya.

Kayan sarauta 26

Tushen lamarin yana komawa 1892, lokacin da sojojin Faransa ƙarƙashin Alfred Dodds suka ci Abome, babban birnin daular Dahome, a zamanin Sarki Behanzin. Sun kwashe karagun mulki, da ƙofofin fada masu sassaƙa, da manyan mutum-mutumin sarakuna Gezo da Glele da Behanzin. A cikin rundunar har da wata bataliya da Faransawa suka sa wa suna "tirailleurs haoussas", ko da yake ba duk sojojinta ne Hausawa ba. Kayan sun shafe fiye da ƙarni guda a gidajen tarihin Paris, na ƙarshensu shi ne Quai Branly.

Benin ta nemi a dawo mata da su a 2016, Faransa ta ƙi. A watan Nuwamban 2017 Shugaba Emmanuel Macron ya yi alƙawarin mayar da kayan tarihin Afirka a jawabinsa na Wagadugu, majalisar Faransa ta yi doka a Disamban 2020, kayan guda 26 suka sauka Kwatano ranar 10 ga Nuwamban 2021. A watan Mayun 2025 ita ma Finland ta dawo da wata kujerar sarauta mai ƙafa uku da ake kira kataklè.

Baje kolin da ya yi yawo

A Fabrairun 2022 aka buɗe baje koli a fadar shugaban ƙasa ta Marina, shiga kyauta. An jera kayan sarautar tare da ayyuka 106 na masu fasahar zamani 34, kuma sama da mutum 200,000 suka je kallo. Dabarar gwamnati ke nan: tsoffin kayan su ja hankalin duniya, masu zane da sassaƙa na yau su ci moriyar. Kayan sarautar sun zauna gida, ayyukan zamanin ne suka fita. An kai su gidan tarihin Mohammed VI da ke Rabat a Maroko a farkon 2023, sai Fondation Clément a tsibirin Martinik, inda jikokin bayin da aka kwasa daga gabar Afirka ta Yamma suke da yawa, sannan Conciergerie ta Paris a Oktoban 2024.

A 2024 ɗin ne Benin ta buɗe rumfarta ta farko a bikin fasaha na Venice a Italiya. Ɗan Najeriya Azu Nwagbogu ya shirya ta, da ayyukan Romuald Hazoumè, Moufouli Bello, Ishola Akpo da Chloé Quenum. Hazoumè ya yi suna da fuskokin da yake haɗawa da jarkokin man fetur na sumoga. Duk wanda ya san harkar mai a kan iyaka zai gane jarkokin nan tun daga nesa.

Fim

A nan Benin ba ta riƙe linzami sosai ba. Fim ɗin "Dahomey", wanda ya bi kayan 26 daga Paris zuwa Kwatano har da muhawarar ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi a kansu, ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Berlin a Fabrairun 2024. Mai ba da umarninsa Mati Diop 'yar Faransa ce mai tushen Senegal, kuma Senegal ce ta tura shi gasar Oscar. "The Woman King" na 2022, a kan mayaƙa mata na Dahome, na Amurka ne, a Afirka ta Kudu aka ɗauki mafi yawansa.

Ina arewa a ciki?

Malanville na jihar Alibori, sama da kilomita 700 daga Kwatano, gada ce kawai tsakaninta da Gaya ta Nijar. Idan mutum ya duba abin da ake kaiwa waje daga can, zai ga kusan duka labarin kudu ne: Abome, Wida, addinin Vodun da bikinsa na watan Janairu, da hanyar bayi. Arewa ba ta tashi a tutar babu ba. An kafa mutum-mutumin Bio Guéra, jarumin Borgu da ya yaƙi Faransawa har aka kashe shi a 1916, a Kwatano a 2022. Bikin Gaani na Nikki yana samun kulawar gwamnati, UNESCO kuma ta faɗaɗa yankin Koutammakou mai gidajen ƙasa na Batammariba zuwa cikin Benin a 2023.

Abin da ba a cika jin ɗuriyarsa ba shi ne tarihin fatauci. Shekaru aru-aru ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina, su bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja sayen goro, suna tafe da kanwa da tufafi da fatu. Daga nan zangunan garuruwan nan suka samo asali, harshen Dendi ya zama na kasuwa, Hausa ma ta samu wurin zama. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ciniki a 1980. A ganina wannan tarihin ba ya ƙasa da na fadar Abome wajen jan hankalin baƙi, sai dai ba ya da karaga ko mutum-mutumin da za a ɗora a akwatin gilashi. Yana cikin takardun ajami da ke hannun iyalai, da bakin dattawa, da sana'ar dukawa da marina.

Finafinan Hausa kuwa ba su jira wata hukuma ba. Na Kano sun daɗe suna shiga Malanville da Paraku da Zongon Kwatano, da farko a kaset da faifai, yanzu a wayar hannu da tashar Arewa24. Ko rufe gadar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda ya tsayar da manyan motoci ya kuma mayar da fasinjoji kan kwale-kwale, bai hana su wucewa ba.