Yadda aka gina sashen Tarihi a Zariya, da kashi 30 ɗin da aka bar mana

Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

Shekaranjiya da yamma muna zaune a Mayo Gwoi, wani ƙanina da ke aji biyu a jami'a ya ce shi bai ga aikin da shugaban sashe yake yi ba in banda sa hannu a fom da raba wa malamai kwasa-kwasai. Na yi dariya, don ni ma haka na ɗauka har na gama digirin farko. Sai da na fara digiri na biyu na lura kusan rabin littattafan da ake turo mu karantawa a kan Arewa daga sashe ɗaya suka fito, kuma wani ne ya zauna ya tsara hakan.

Sunansa na farko H.F.C. Smith, Bature ɗan Ingila, an haife shi a 1920. Ya koyar a Ibadan a shekarun 1950, lokacin da Kenneth Dike ke fafutukar a yarda Afirka tana da tarihin da ya cancanci digiri. Kada ku ɗauka ƙaramar gardama ce. Har a 1963 babban farfesan Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana gaya wa jama'a cewa abin da ke akwai kawai shi ne tarihin Turawa a Afirka. Shi kuwa Smith tun 1961 ya buga maƙala yana cewa an yi watsi da jihadodin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, alhali ga rubuce-rubucen masu jihadin nan jibge da Larabci.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shi ya zo ya kafa sashen Tarihi. Daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a 1984.

To, me ya yi? Abin da ya fi burge ni shi ne ya gane ba a koyar da kwas da iska. In ka rubuta "Tarihin Arewa" a manhaja amma babu abin da ɗalibi zai karanta sai rahoton Razdan da Di'o, to ra'ayin Razdan za ka koyar. Don haka aka kafa shirin binciken tarihin Arewa tare da Jami'ar Ibadan, aka bi gidajen malamai da fadoji ana ɗaukar hoton littattafai da wasiƙu na Larabci da ajami, ana yi musu rajista. A 1970 kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna, ya zama wurin adana takardu da bincike.

Sannan ya raba ƙasa. Wannan ne dabarar da nake ganin ba a cika faɗa ba. Ɗaliban digiri na uku ba a bar kowa ya tsinci abin da ya fi sauƙi ba, kowa an ɗora shi a kan wani yanki da babu cikakken nazari a kansa. Murray Last, tun suna Ibadan, ya yi Daular Sakkwato, littafinsa ya fito a 1967. Sa'ad Abubakar ya yi Adamawa, The Lamibe of Fombina, 1977. Yusufu Bala Usman ya yi Katsina, aka buga a 1981. Abdullahi Mahadi ya yi Kano. Mu nan kuma rabonmu ya zo ta hannun Mahmoud Hamman, wanda ya yi nazarin yankin Binuwai ta Tsakiya da kafuwar masarautar Muri, Gidan Arewa ya buga shi a 2007. Kun ga lissafin: kundin ɗalibin bana shi ne littafin aji na baɗi, ɗalibin kuma shi ne malamin da zai koyar da shi.

Kuma ba sashen yabon sarakuna ya gina ba. A 1970 Smith ya rubuta maƙala a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, inda ya ƙi karɓar labarin Bayajidda a matsayin bayanin asalinsu. Ya ce a duba yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Har yau akwai waɗanda ba su yafe masa wannan ba. Bala Usman ya ɗauki wannan hali ya ƙara masa wuta: kowace majiya a tuhume ta, ta Bature ce, ta bafada ce, ko ta kakanka. Ya kai gardamar har kan siyasar zamaninsa, gwamnatin soja ta kore shi a 1989, kotu ta mayar da shi. Ni dai ina ganin a wasu lokuta zafin aƙida ya yi wa wasu rubuce-rubucen wancan zamanin yawa, kana karantawa ka san inda za a ƙare tun shafin farko. Amma ko wanda ya ƙi su, da kayan aikinsu yake yaƙarsu.

Abin da ya biyo baya kun sani. An cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a dawo da shi, ɗalibai suka ragu, sassa da yawa suka liƙa wa sunansu "hulɗar ƙasa da ƙasa" ko "diflomasiyya" don su samu masu nema. Ban ga laifinsu ba, sashen da babu ɗalibai rufe shi ake yi.

Ga dalilin da ya sa na kawo zancen yanzu. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja: kashi 70 daga Abuja, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. Malamai da yawa sun ce 70 ɗin ya yi yawa, kuma suna da hujja. Amma tambayata a kan 30 ɗin ce. Me ake zubawa a ciki? Jami'ar Jihar Taraba a 2008 aka kafa ta, har yanzu yarinya ce, ba ta makara ba.

Ku ɗauki garin nan kawai. A 1892 wani hafsan Faransa, Louis Mizon, ya taimaka wa Sarkin Muri Muhammadu Nya da bindigogi aka ci Kona, a 1893 Jalingo ta zama mazaunin sarauta. Fada tana da yadda take ba da labarin, Jukunawan Kona suna da nasu, Faransawa da kamfanin Neja na Ingilishi sun bar nasu a takarda. Wannan kaɗai ya isa kwas na zango guda a kan yadda ake auna majiyoyi masu karo da juna. Ga Mumuye, ga Mambila, ga Kuteb, ga tarihin kasuwanci a bakin Binuwai. Tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu suna ta ƙarewa, yau kuma wayar aljihunka ta fi na'urar da su Smith suka yi yawo da ita.

Na tambayi ƙanin nawa ko ya taɓa zuwa Kona. Ya ce a'a, sai dai ya ji suna. Mun yi da shi ranar Asabar za mu je, shi zai sayi man babur.