Idan Ƙaramar Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Babbar Manhaja Daga Filash

Ƙaramar kwamfutar nan da ake kira netbook ta fara fitowa ne a shekarar 2007, lokacin da kamfanin Asus na Taiwan ya ƙera Eee PC. Daga nan Acer, HP, Samsung da Dell suka biyo baya. A ƙarshen 2012 Asus da Acer suka daina ƙera ta, amma har yau ana samun ta hannu na biyu, kuma mai yiwuwa irinta ce a cibiyarku ta yaƙi da jahilci ko a ofishin ƙungiyarku, a Magarya, Bande, Waca ko Dungas. Ba ta cin wuta sosai, shi ya sa ta dace da ƙauyen da ke dogara da hasken rana. Sai dai ba ta da gurbin faifan CD. Idan babbar manhajarta ta lalace, wato Windows ko Linux da ke tafiyar da komai a cikinta, ta filash ake zuba mata sabuwa. Filash shi ne abin da a nan Nijar aka fi sani da kile USB.

Kafin ku taɓa komai

Zuba sabuwar manhaja yakan shafe abin da ke cikin kwamfuta: sunayen ɗalibai, lissafin asusun ƙungiya, hotuna, takardun neman tallafi. Ku kwafe su tukuna a wani filash na dabam. Ko da Windows ta ƙi tashi, galibi takardun suna nan, kuma ana iya tayar da kwamfutar da filash mai Linux a kwashe su ba tare da an zuba komai ba. Shi ma filash ɗin da za a shirya, duk abin da ke cikinsa zai goge.

Kwamfuta ba ta ga filash ba

Wannan ce matsalar da aka fi cin karo da ita, kuma sau da yawa ba lalacewa ba ce. Kwamfuta ta saba tashi daga rumbun ajiyarta, sai an gaya mata ta duba filash. Ku kashe ta gaba ɗaya, ku soka filash, ku kunna, nan take ku yi ta danna maɓallin zaɓi. A Asus Eee PC maɓallin shi ne Esc, wanda a allon rubutun Faransanci aka rubuta Échap. A Acer Aspire One da Dell F12 ne, a HP Mini kuwa F9. Idan kun ga tambarin Windows, kun makara, sai ku sake.

In jerin zaɓin bai fito ba, ku shiga BIOS, wato shafin saitin da ke cikin kwamfutar tun daga masana'anta. F2 ke buɗe shi a yawancinsu, F10 a HP. A Acer, sau da yawa sai an kunna F12 Boot Menu a nan kafin maɓallin ya yi aiki. Eee PC tana da nata halin: wani saiti mai suna Boot Booster yana sa ta tsallake binciken filash, don haka ku kashe shi. Kuma takan lissafa filash cikin Hard Disk Drives, ba cikin na'urorin cirewa ba. Ku nemi sunansa a can, ku mai da shi na farko, ku danna F10 don adanawa.

Ta ga filash, amma ta tsaya

Idan allo ya yi baƙi, ko aka rubuta Missing operating system ko BOOTMGR is missing, mafi yawa ba a shirya filash ɗin daidai ba. Kwafa fayil ɗin ISO a kansa kamar yadda ake kwafa waƙa bai isa ba. Ana shirya shi ne da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Rufus, a wata kwamfuta mai lafiya. A gurbin Partition scheme, ko Schéma de partition da Faransanci, ku zaɓi MBR, kada ku zaɓi GPT, domin GPT na sababbin kwamfutoci ne. Idan kwamfutar da za ku yi aikin da ita Windows 7 gare ta, ku nemi Rufus 3.22, don waɗanda suka fito bayansa ba sa aiki a kanta.

Akwai kuma saƙon da ke cewa This kernel requires an x86-64 CPU. Ma'anarsa, kun ɗauko manhaja mai 64-bit alhali ƙwaƙwalwar kwamfutar 32-bit kawai take ɗauka. Haka Intel Atom N270 da N280 suke, kuma su ne a cikin yawancin netbook na 2008 da 2009. Atom N450 da N455 na 2010 suna ɗaukar 64-bit. Babu wani saiti da zai gyara wannan, sai dai a canja manhajar.

To, wace za a zuba? Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a Oktoban 2025. Windows 11 kuwa tana buƙatar 64-bit da RAM 4 GB, alhali yawancin waɗannan kwamfutoci 1 GB gare su. A ganinmu Linux mara nauyi ya fi dacewa da su. Debian 12 na 2023 shi ne na ƙarshe mai na'urar zubawa ta 32-bit, don Debian 13 na 2025 ya bar ta. Haka ma antiX 23 yana da na 32-bit, kuma don tsofaffin kwamfutoci aka yi shi. Wanda ya nace sai Windows 7, ya yi rubutu da lissafi da ita, amma kada ya shiga intanet da ita yana sa kalmar sirri.

Aiki ya yanke a tsakiya

Nan abubuwa uku ake zargi. Na farko fayil ɗin ISO bai sauka cikakke ba, abin da ke yawan faruwa inda layin waya ke zuwa yana ɗaukewa. Ku gwada girmansa da wanda aka rubuta a inda kuka sauke shi. Na biyu filash na jabu: a jikinsa an rubuta 32 GB, a ciki bai kai haka ba, kuma abin da ya wuce ainihin girmansa yakan lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Ku gwada wani filash, ko da na 8 GB ne, ku kuma canja kafar da kuka soka shi.

Na uku wuta da zafi. Batirin tsohuwar kwamfuta ba ya riƙe caji, kuma idan ta mutu ana cikin zubawa sai an faro daga farko. Ku bar ta a jone. A watannin bazara ku yi aikin da sassafe, a kan teburi ko faranti, ba a kan katifa ko tabarma ba, bayan kun hure ƙurar hunturu daga kafofin iskarta. Idan kuwa kuna jin ƙas-ƙas daga ciki, rumbun ajiya ne ke mutuwa. Ku kashe ta, ku kai wa mai gyara a Damagaram ko Kano, ku kuma karɓi tsohon rumbun ku adana, don wataƙila a iya ceto takardunku daga cikinsa.

Bayan an gama

Ku cire filash kafin ta sake tashi, in ba haka ba za ta koma farkon zubawa. Ku duba kwanan wata. Idan ta koma wata tsohuwar shekara, ɗan batirin agogo da ke ciki ya ƙare, kuma shafukan intanet za su ƙi buɗewa har sai kun gyara kwanan.

Sai allon rubutu. Kwamfutar da ta shigo daga Najeriya haruffanta na sama Q W E R T Y ne, wadda ta zo daga Faransa kuwa A Z E R T Y. Idan an zaɓi wanda bai dace ba, za ku danna A ta rubuta Q, kuma kalmar sirrin da kuka sa za ta ƙi buɗewa. Ku gwada haruffan a fili kafin ku sa ta. A cikin saitin harshe na Linux da na Windows 7 akwai tsarin rubutun Hausa. Ku ƙara shi, domin ɗalibai su rubuta ƙ, ɗ da ɓ yadda suka koya a allo.